Ɓoɓɓo da Kujerar Bayan Direba

Ruwan da aka fara tun daren Asabar bai ɗauke ba har gari ya waye ranar Lahadin nan. Irin ruwan Duwala ne na watan bakwai, ba iska ba tsawa, zuba kawai yake yi kamar an manta da famfo a buɗe. Kwatar bayan masallacin unguwarmu ta cika ta tumbatsa, ledoji da ɓawon ayaba suna yawo a kan hanya, kowa ya naɗe wando har gwiwa. Shekarar da aka karya darajar sefa ce, lokacin da ko gaisuwa ka yi wa mutum a unguwarmu ta New Bell sai ya amsa maka da lakiriz, wato matsin tattalin arziki.

Na iso inda motarmu ta zuwa kallon ƙwallo take ƙarfe bakwai bai yi ba, na tarar Ɓoɓɓo ya riga kowa. Yana zaune a kujerar bayan direba, gefen taga, cikin farar babbar rigarsa ta sallar idi, buta a tsakanin ƙafafunsa, laima a kan cinya. Na tambaye shi ko a nan ya kwana. Ya ce a'a, daga masallaci ya wuto.

Ɓoɓɓo Bafulatanin Garwa ne. Ya sauko Duwala yana saurayi da niyyar ya ga teku ya koma, ya ga tekun, bai koma ba. Gyaran laima yake yi a bakin kasuwa, rumfarsa a jikin tawa, ni ina sayar da goro. Lakiriz ta kashe sana'o'i da dama amma ba ta taɓa tasa ba, don wanda a da zai yar da laima ya sayi sabuwa, yanzu sai ya rungumo ta ya kawo. Har ma'aikata masu ɗaure wuya daga Bonamoussadi, unguwar masu hali, sukan zo da laimar da ƙarfe uku ya rage mata, suna waige-waige kada wani ya gan su. Shi kuwa ba ya yi wa kowa dariya. Zai karɓa ya jujjuya ta, ya ce tana da sauran rai.

Mutum ne mai shiru, sai fa in an zo maganar Guguwa, ƙungiyar ƙwallon unguwarmu da ke buga rukuni na biyu. 'Yan wasanmu masu tura amalanke ne da teloli da wani dogon mai wankin mota. Ba zan ce Ɓoɓɓo ya san ƙwallo ba. Har yau ban tabbata ya gane abin da ake kira satar gida ba. Shawararsa ga 'yan wasa guda ɗaya ce, a buga gaba, kuma yakan ba da ita ko da alƙalin wasa ya tsayar da wasa ana duba wanda ya ji ciwo. Amma tun ranar da magoya baya suka fara bin ƙungiyar zuwa wasu garuruwa, shekara goma sha ɗaya ke nan a lokacin, kujerar bayan direba tasa ce. Ya taɓa gaya min cewa daga Litinin zuwa Asabar ba abin da yake gani sai ƙafafun mutane da karyayyun ƙarafa, a tagar nan kaɗai yake tunawa da cewa ƙasa tana da faɗi.

A gida muna ɗan taɓukawa. A waje kuwa shekara uku muka yi ba mu ci wasa ko ɗaya ba. A da 'yan kasuwar unguwa sukan ba mu mota uku, da lakiriz ta zo sai aka koma ɗaya, ta Sali direba, wadda aka ƙera don mutum goma sha takwas muke shiga mu talatin. Da wurin zama ya yi wuya, sai ido ya fara komawa kan kujerar Ɓoɓɓo.

Awalu ne ya tayar da maganar. Babarbare ne mai tsire a Ndokoti, ƙato mai babbar murya, kuma tsakaninsa da Ɓoɓɓo akwai wasan nan na Barebari da Fulani da aka gada. Shi ya lura cewa a shekara ukun nan sau biyu kaɗai muka dawo da kunnen doki daga waje: ran da Ɓoɓɓo ya kwanta zazzaɓi, da ran da ya tafi Garwa ta'aziyya. Da farko dariya aka yi. Da aka ci gaba da cinye mu, dariyar ta ragu, maganar ta tsaya. Ranar Alhamis aka zauna a barandar shagon Abdulƙarim Ɗantani, shugaban magoya baya, wanda muke kira Firzidan. Aka yi ta ja, daga ƙarshe ya yanke cewa za a gwada sau ɗaya tak. In Ɓoɓɓo ya je wasan Lahadi aka cinye mu, ya sauka daga mota ke nan, sai dai ya jira labari a rumfa. Awalu ya ce shi ba don kansa yake yi ba, amma tun da za a sami gurbi, gwiwarsa na ciwo, likita ya ce ya riƙa zama inda iska ke shiga.

Ɓoɓɓo ya ce to. Ita ke nan kalmar da ya faɗa. Amma washegari na ga ya ɗinka wa wata mata yadin laima a baibai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Matarsa Rakiyatu ta gaya wa mai ɗakina cewa kwana biyu yana tsakurar tuwo. Ita ce ta wanke farar rigar ta goge ta, ta ce in tafiyar ƙarshe ce, to ya yi ta kamar mutum.

Garin da za mu yana bayan Edeya, cikin gonakin kwakwar manja. Ba zan kira sunansa ba, don har yau muna da surukai a can. 'Yan wasa sun riga mu tun Asabar a bayan motar albasa. Mu ba mu tashi ba sai wajen ƙarfe tara, muka ɓata awa guda a Ndokoti, motoci sun cushe ba gaba ba baya, 'yan talla suna cusa mana burodi ta taga. A unguwar PK 14, can bakin gari, taɓo ya riƙe mu. Kowa ya sauka turi, har Firzidan da cikinsa. Ɓoɓɓo bai motsa ba, ya ce farin kaya ke jikinsa. Sali ya ba da wuta, taya ta watsa wa Awalu jar laka tun daga hula har takalmi, Ɓoɓɓo ya leƙo ta taga ya ce masa a buga gaba.

Bayan mun haye gadar Edeya sama ta washe. Can ko ɗigo ba a yi ba, ƙasa busasshiya, rana tana dukan kwanon mota. Taya ta fashe mana sau ɗaya. Da azahar ta yi muka tsaya a gindin wani mangwaro, aka ce a haɗa azahar da la'asar kamar yadda muka saba in muna hanya, don in an shiga fili ba a samun sukuni. Kowa ya sauka da butarsa. Awalu ya sauka shi ma, amma ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a kan matakala, yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Ya ce, "Baffa, sauko mana. Ko Fulanin Garwa an ɗauke musu salla ne?"

Ɓoɓɓo ya ce, "Je ka yi taka, Babarbare. Ni zan jinkirta in haɗa su da la'asar. Malamai sun yarda."

Malamai sun yarda ɗin, gaskiya ne. Amma duk motar mun san ba malamai ne suka riƙe shi ba.

Zuwa kallon ƙwallo a garin wasu yana da ƙa'idojinsa, kuma da duka muka koye su. Tun kafin a shiga gari ake naɗe tuta a tura ƙarƙashin kujera. Ba a waƙa, ba a busa ƙaho. Sali yakan juya mota ta fuskanci hanyar gida kafin ya kashe ta, ya ajiye ta inda akwai gangara ko da za ta ƙi tashi. In an ci ku, ka sunkuyar da kai a yi maka dariya. In kun ci, ka sunkuyar da kai fiye da haka. Ana saura minti biyar a tashi kowa ya fara sulalewa da ɗaɗɗaya kamar mai zuwa fitsari.

Mun iso an riga an take wasa. Filin na makaranta ne, an kewaye shi da ganyen kwakwa, rumfa ɗaya ce ta manyan gari. Mu baƙi aka tura mu bayan raga ta yamma, aka ja mana igiya. A ragar nan mai tsaron gidanmu yake, kuma rabin farko duk a kansa aka yi shi. Ƙwallo ta bugi ƙarfe sau biyu. Su ma wasan ya dame su, don in suka rasa shi za su faɗa rukunin ƙasa, shi ya sa garin kaf ya fito, har tsofaffin mata da kujerun tsugunno. Ɓoɓɓo yana tsaye kusa da ni, ya riƙe igiya da hannu biyu. Ko a buga gaban bai iya faɗa ba. Aka tafi hutu ba ci.

A nan Ɓoɓɓo ya dubi rana ya ga ta karkata. Ya ce min, "Malam Husaini, salla biyu ke kaina." Ya ɗauki buta ya matsa gefe, wajen taku goma daga bayan raga, don igiya ba ta bar mu mu wuce nan ba, ya tattare babbar riga ya tsuguna. Ɓoɓɓo ba ya alwalar gaggawa. Wurin kuma yana da ɗan gangare, sai ruwan ya tattaru ya kama hanya siriri a kan jar ƙasa, ya bi ya shige ƙarƙashin raga ya tsaya a gindin ƙarfe. Da ya gama ya tambaye ni alƙibla. Na dubi rana na nuna masa. Ba ni da laifi, inda take ke nan, sai dai ta bi daidai ta kusurwar ragar. Ya shimfiɗa ɗan buhunsa, ya soka laimarsa a ƙasa a gabansa don kada a gitta masa, laimar da ya haɗa da ƙyallayen rawaya da baƙi, launin Guguwa. Ya ɗaga hannu ya kabbara.

Abin da ba wanda ya tuna a cikinmu shi ne, bayan hutu ana musayar raga. Wadda Ɓoɓɓo ya fuskanta ta koma tasu.

Ba wai mutanen garin ba su taɓa ganin mai salla ba. Akwai Hausawa a cikinsu, a wurinsu suke sayen nama. Amma ba su taɓa ganin dattijo da farar babbar riga ya zo daga New Bell, ya zuba ruwa ya shiga ragarsu, ya kafa abu a ƙasa, ya tsaya yana motsa baki ba, kuma a ranar da suke tsoron faɗuwa. A wancan zamani kowace ƙungiya ana cewa tana da malaminta ko bokanta. Mu ba mu da ko ɗaya, ba mu da halin ɗauka. Wata mata ce ta fara nunawa, sai kalmar marabu, wato malamin tsibbu, ta zaga filin kamar an kunna wa ciyawa wuta.

Mai tsaron gidansu ya taho yana sa safar hannu, ya ga layin ruwa, ya ja birki. Ya kira kyaftin, kyaftin ya kira shugabansu, shugaban ya kira alƙalin wasa. Ɓoɓɓo ya yi raka'a biyu ya sallame, mutane suka ɗan lafa suna zaton an gama. Sai ya miƙe ya sake kabbara ta la'asar. Nan fa ɓawon lemo ya fara sauka, da ƙwallon mangwaro, wasu samari suka tsallako igiya.

Wanda ya fara shan gabansu Awalu ne, da busasshiyar lakarsa. Ya buɗe hannuwa ya tsaya a bayan Ɓoɓɓo, ya gaya musu da Faransanci da Turancin kasuwa a gauraye cewa Bafulatanin nan nasa ne, duk duniya shi kaɗai ke da izinin taɓa shi. Muka bi shi muka yi sahu muka kewaye. Firzidan ya yi ta rantsuwa cewa salla ce kawai, amma da suka ga mutum talatin sun kewaye tsoho ɗaya suna gadinsa, sai suka ƙara tabbata babba ne. Shi kuwa bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Ya sallame, ya shafa addu'a, ya zare laimarsa, sannan ya tambaye ni me ya faru, ko an ci mu ne.

Aka daidaita a kan abu biyu. Na farko, marabu zai bar fili. Mutum biyu masu ɗaure da jan ƙyalle a hannu suka raka shi har mota, suna tafe nesa-nesa da shi, ba wanda ya yarda rigarsa ta shafe shi. Na biyu, za a wanke raga. Aka kawo gishiri aka barbaɗa. Aka jera yara da mata zuwa rijiyar makaranta, bokiti na bin bokiti. Ruwan Ɓoɓɓo bai kai rabin buta ba, su kuwa na ƙirga bokiti goma sha ɗaya kafin mai tsaron gidan ya yarda ya shiga. Wani tsoho ya zo ya fesa giya a gindin ƙarfe, aka ƙara bokiti biyu a kai.

Rabin na biyu ma su suka yi ta kai hari, ragar tasu ba wanda ya leƙa ta, ruwa ya samu lokaci ya jiƙa ƙasa sosai. Ana saura kamar minti goma, dogon nan mai wankin mota ya gaji da gudu, ya daki ƙwallo tun daga tsakiyar fili don ya huta. Ba ƙarfi a bugun, ko akuya za ta tare ta. Mai tsaron gida ya tako zai ɗauka, ƙafafunsa biyu suka tafi gaba suka bar shi, ya zauna daɓas a cikin taɓon da 'yan garinsu suka kwaɓa masa. Ƙwallo ta wuce ta gefen kunnensa a hankali, ta haye layi, ta kwanta.

Ba wanda ya yi ihu a cikinmu. Firzidan ya cusa hula a baki. Awalu ya durƙusa kamar mai ɗaure takalmi, kafaɗunsa suna rawa. Muka fara sulalewa.

Na tarar da Ɓoɓɓo a kujerarsa, Sali ya riga ya tayar da mota. Bai tambaye ni sakamakon wasa ba. Ya ce tun da ya ji garin ya yi tsit ya san an samu, don shekara goma sha ɗaya yana jin ihun mutane a garuruwansu, bai taɓa jin irin wannan shirun ba. Abin da ya so ya sani kawai, wa ya ci, kuma ta yaya. Na ce mai wankin mota ne, daga tsakiya. Ya gyaɗa kai ya ce ai ya sha gaya musu.

Sai da muka yi nisa, muka tabbata motar albasa ta biyo mu da 'yan wasa lafiya, sannan aka zaro tuta, aka ɓarke da waƙa. Da aka gaji aka koma gardama. Wasu suka ce an ci ne don Ɓoɓɓo ba ya cikin fili, ke nan maganar Awalu ta tabbata. Wasu suka ce in ba don butarsa ba da yanzu muna sunkuye. Firzidan ya bari aka yi ta yi, sannan ya juyo daga gidan gaba ya ce ya samo mafita.

"Baffa, kujera taka ce har iyakar rai. Abu ɗaya muke roƙo. Duk filin da muka je, ka sa rigar nan, ka ɗauki buta da laima, ka tsaya bayan ragarsu. Ba sai ka ce komai ba."

Mota ta ɗauki tafi.  Ɓoɓɓo ya juya yana kallon itatuwan kwakwa suna wucewa, har muka hango gadar Edeya, rana ta yi ja a kan ruwa. Sannan ya yi gyaran murya.

"Firzidan, ni ban yi wa kowa asiri ba. Salla na yi, ita ma a makare, kuma kujerar nan ce ta makarar da ni. Tun ɗazu abin yake damuna. In kuma sai na mai da salla abin tsorata mutane zan zauna a nan, to Awalu ya zo ya zauna."

Ya tattara buta da laima ya miƙe. Motar ba ta da tsawon da mutum zai tsaya, sai ya tsaya a rankwafe, hularsa tana gogar rufi, yana neman inda zai sa ƙafa a tsakanin gwiwoyin mutane. Hayaniya ta mutu. Kowa ya juya yana kallon Awalu, wanda ke matse a baya, rabin jikinsa a kan tayar da ta fashe.

Awalu ya daɗe yana kankare laka daga hannun rigarsa. Can ya ce, "Zauna, Bafulatani, kada ka faɗo mana a ka. Kujerar da ƙasusuwanka suka rarake shekara goma sha ɗaya, wa zai ji daɗinta? Gwiwar ma ta warke."

Firzidan ya yi tari, ya ce dama abin da aka yanke ranar Alhamis shi ne in an cinye mu, kuma ba a cinye mu ba, saboda haka ba wata magana. Ɓoɓɓo ya koma ya zauna. Da muka tsaya sallar magariba shi ya fara sauka, ya bar kujerar ba ko hula a kanta, ya dawo ya same ta yadda ya bar ta.

Wasan waje na gaba an ba mu huɗu ba ko ɗaya, yana tsaye a cikinmu da tsohuwar rigarsa ta zuwa kasuwa. Ba wanda ya sake tayar da maganar kujera. Labarinsa dai ya riga ya zaga, akwai garuruwan da sai an shinshina butarsa a ƙofa kafin a bar shi ya shiga, akwai kuma inda wani shugaban ƙungiya ya biyo shi har rumfa da laima lafiyayya a hannu, wai gyara ya kawo. Ɓoɓɓo ya buɗe ta ya rufe, ya ce ba abin da ya same ta, ya miƙa masa. Shekara bakwai ya ƙara yana bin Guguwa, har ƙungiyar ta watse da filin da muke atisaye ya zama wurin ajiye manyan motoci.

Ɓoɓɓo yana nan da ransa. Ya bar rumfa da idonsa ya daina ganin kafar allura. Yanzu yana zaune a gidan 'yarsa Khaulat a Bonamoussadi, shi da Rakiyatu, ni kuma nakan kai masa goro ranar Juma'a in ƙafata ta bar ni.